Ajiye tawul a ƙaramin banɗaki a Legas: amsa ga wata 'yar'uwa daga Agege

Wata 'yar'uwa da ta taso daga Kano ta tare da maigidanta a Agege ta aiko da tambaya. Ta ce ciki da falo suke haya, banɗakin bai wuce mita ɗaya da rabi a faɗi da mita biyu a tsawo ba, tagarsa ƙarama ce kuma tana kallon katangar maƙwabta, su huɗu ne ke shiga, ita da maigidan da yara biyu. Tawul ɗin da ta zo da su ta jera su a kan wata kanta ta katako da kafinta ya kafa mata a saman tankin masai, waɗanda ake goge jiki da su kuma suna rataye a ƙusoshi a bayan ƙofa. Tun da damina ta kankama sai duk suka ɗauki wari, wasu ma suka fara baƙin ɗigo-ɗigo. Abin da take so ta sani shi ne yadda za ta tsara wurin ya ɗauke su gaba ɗaya ba tare da sun lalace ba.

'Yar'uwa, na daɗe ina kula da sashen wanki da gyaran ɗakuna a wani otal a Ikeja, kuma amsar da zan fara ba ki ita ce kada ki nemi banɗakin ya ɗauke su gaba ɗaya. Ayyuka biyu ne kika haɗa a wuri guda, ajiyar busasshen tawul da shanyar jiƙaƙƙe, alhali kowannensu yana bukatar abin da ɗayan yake ɓatawa. Busasshe yana son wuri a rufe wanda laima ba ta shiga, jiƙaƙƙe kuwa yana son wuri a buɗe wanda iska ke ratsawa. Banɗaki irin naki ba ya iya na farkon ko kaɗan, na biyun ma da ƙyar yake yin rabinsa.

Dalilin yana cikin iskar garin. A Kano, idan hunturu ya tsaya ko bazara ta shigo, laimar da ke cikin iska takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana, shi ya sa za ki rataye tawul a ƙusa bayan wankan safe, kafin azahar ya bushe ƙarau ko da a cukuikuye yake. Legas kuwa tana tsakanin teku da tafki, kuma a mafi yawan watannin shekara laimar iskarta da safe tana kai wa kashi 80 cikin 100 ko fiye. Damina tana farawa wajen Afrilu ta kai Oktoba, ta fi ƙarfi a Yuni da Yuli, ta ɗan lafa a Agusta, ruwan da ke sauka a shekara kuma ya haura milimita 1,500. Iskar da ta riga ta ƙoshi da ruwa ba ta da sauran wurin da za ta karɓi wanda ke jikin tawul ɗinki. Ki ƙara da cewa mutum huɗu na wanka a wannan ɗan ɗaki safe da yamma, ana alwala, ana tsarki da buta, ƙila ana wanke kayan yara a bokiti, za ki ga cewa daɓen ba ya bushewa daga asuba zuwa dare. Auduga kuma tana zuƙar laima daga iska ko ruwa bai taɓa ta ba, don haka tawul ɗin da kika ninke a kan kanta, wanda ba wanda ya goge jiki da shi, yana jiƙewa a hankali daga waje zuwa ciki, kuma ninkin ba ya barin ya saki abin da ya sha. Funfuna tana samun yadda take so idan laima ta daɗe sama da kashi 70 cikin 100 ga kuma ɗumi, wannan shi ne baƙin ɗigon da kika gani. Warin kuwa yawanci aikin ƙwayoyin bakteriya ne da ke cin maiƙon jiki da ragowar sabulu a cikin zaren da ya kwana da danshi.

Saboda haka aikin farko shi ne kwashe duk wani tawul na ajiya daga banɗakin a mayar da shi cikin ɗaki. Wadirof ya fi, kuma a kantarsa ta sama, nesa da ƙasa, tare da lura da bangon da yake jingine da shi. A gidaje da yawa na Legas bangon da ya raba ɗaki da banɗaki yana tsattsafo da laima, za ki gane shi da fentin da ke kumbura yana ɓarewa daga ƙasa, kuma wadirof ɗin da aka manna da irin wannan bango yana iya zama mafi muni fiye da kantar da kika baro. Ki janye shi kamar faɗin tafin hannu domin iska ta bi ta baya. Idan babu wadirof, akwatin roba mai murfi da ke shiga ƙarƙashin gado zai yi, da sharaɗin cewa tawul ɗin ya bushe sarai kafin a rufe, domin roba tana hana laima shiga kamar yadda take hana ta fita. Kwali kada ki kusance shi, yana shan danshi kuma gidan kyankyaso ne. Wajen ninki, ki ninka tawul gida uku a tsawonsa sannan ki naɗe shi kamar tabarma, ki jera a tsaye, ta haka za ki zari ɗaya ba tare da kin rushe sauran ba, kuma za ki ga na baya ki riƙa juya su, kada wasu su shekara a ƙasa ba a taɓa su ba.

Yawan ma abin dubawa ne. Na san kayan ɗakin amarya kan zo da tawul masu yawa, manya da ƙanana, kuma zuciya ba ta son a ce an ajiye su a akwati, amma gida mai mutum huɗu yana wadatuwa da biyu ga kowane mutum, ɗaya a rataye ɗaya a wanke, sai biyu na baƙi. Sauran ki wanke, ki busar da kyau, ki adana, ki riƙa fitar da su suna shan rana idan hunturu ya leƙo a Disamba da Janairu, wanda shi ne ɗan lokacin da iskar Legas take sassautawa.

Yanzu sai waɗanda ake amfani da su kullum, kuma a nan ne nake so ki fi mai da hankali. Ƙusa ko ƙugiya ita ce mafi sauƙin kafawa, ita ce kuma mafi ƙarancin amfani a wannan gari, domin tana tattara tawul ya zama dunƙule mai lanƙwasa da yawa, gefen waje ya bushe, cikin lanƙwasar ya kwana a jiƙe. Bayan ƙofa kuma ya ƙara dagula abin, saboda idan aka bar ƙofar a buɗe tawul ɗin na matse tsakaninta da bango, idan aka rufe kuma iska ta daina shiga ɗakin gaba ɗaya. Abin da ake bukata sanda ce da za a baza tawul a kanta ya sauka gida biyu kawai, ba tare da an ninka shi a faɗi ba. Tawul ɗin wanka na yau da kullum yana da kimanin santimita 70 a faɗi da 140 a tsawo, ke nan kowane ɗaya yana son sanda mai tsawon santimita 70 zuwa 75, wadda ta nisanci bango da santimita 7 ko 8 domin iska ta shiga ta baya. Idan kika lissafa na mutum huɗu za ki ga ana neman kusan mita uku na sanda a jere, abin da bangonki ba shi da shi idan aka cire wurin ƙofa da shawa da wurin wanke hannu.

Mafita ita ce a hau sama ko a fito gaba. Hawa sama shi ne a kafa sanduna biyu, ta ƙasa a kimanin santimita 100 daga daɓe, ta sama a 180, ta yadda na sama zai sauka santimita 70 bai taɓa na ƙasa ba, kuma ta ƙasan ta zama ta yara, da ƙananan tawul irin mai santimita 50 da 100, wanda ya ishi yaro kuma ya fi saurin bushewa. Fitowa gaba kuwa shi ne irin maratayin nan mai hannuwa uku ko huɗu da ke juyawa a kan gindi ɗaya, ana buɗe su kamar yatsu bayan an gama wanka, a mayar da su jikin bango idan za a shiga. A ƙaramin wuri na fi son wannan, sai dai gindinsa yana ɗaukar nauyin duka a wuri guda, don haka yana bukatar kafi mai kyau. Wanda ban yarda da shi ba shi ne sanduna biyu da ke kusa da juna, ɗaya a gaban ɗaya da tazarar yatsu uku, domin tawul ɗin baya ba ya ganin iska. Ko wanne kika zaɓa, ki sa shi a bangon da ya fi nisa da shawa da kuma inda ake tsarki, kuma ƙasan tawul ya tashi daga daɓe sosai. Wannan ya shafi tsabta, ya kuma shafi ibada, tun da ba a son abin da mutum zai goge jiki da shi ya fita salla ya kasance a inda ruwan tsarki ke fantsama. Haka nan a saba da rufe murfin masai kafin a kora ruwa, domin korawar tana watsa ƙananan ɗigo da ido ba ya gani, kuma kantar nan taki tana samansa kai tsaye.

Game da abin da za a yi maratayin da shi, iskar Legas mai laima ce, a unguwannin da ke kusa da teku kuma har da gishiri, saboda haka ƙarfen da aka shafa wa ruwan azurfa yana fara tsatsa cikin watanni, tsatsar kuma tana kama farin tawul ta ƙi fita. A kasuwannin kayan gini irin na Coker da Orile kowa zai ce miki nasa ba ya tsatsa, amma ƙarfen da ake sayarwa da sunan marar tsatsa (stainless) iri-iri ne, akwai mai lamba 304 da mai lamba 201, na biyun ya fi araha kuma yana fitar da jan ɗigo a wuri mai danshi. Gwajin maganaɗisu da wasu ke yi ba ya raba su, domin duka biyun ba sa kama shi sosai, don haka ki nemi ganin lambar a jikin kayan ko kwalinsa. Alminiyon ba ya tsatsa kuma ba shi da nauyi, masu haɗa tagogi a unguwa za su iya yanka miki daidai awon bangonki. Ko bututun roba na ruwa mai kauri, idan falamba ya haɗa shi da gwiwoyi biyu, yana aiki shekaru, illa dai ba shi da kyan gani. Katakon da aka matse daga garin katako, irin wanda ake yawan yin kanta da shi saboda arha, yana kumbura ya ruɓe daga gefe, kuma ina zargin irinsa ne kafintanki ya yi amfani da shi. Ki cire tawul daga kai ki duba ƙasansa, idan ya yi baƙi ko ya tashi, shi kansa ya zama matattarar funfuna, gara a sauke shi a sa na roba ko gilashi, a bar wa sabulu da omo da burushi.

Tun da haya kuke, sai a yi maganar huda bango. Masu gidaje da yawa suna cire kuɗin tayil ɗin da ya fashe daga kuɗin ajiyar da aka biya lokacin shiga, don haka ki sa maigida ya nemi izini tukuna. Idan an yarda, a huda a layin da ke tsakanin tayil biyu inda hali ya yi, ko a manna salatif a kan tayil ɗin don kada bakin injin ya zame, a yi amfani da baki na tayil, kuma a kashe bugun injin har sai an wuce tayil an shiga bulo. Kada a huda daidai saman famfo ko ƙasansa, ko a layin makunnin wuta, domin nan bututu da waya suke bi. Idan ba a yarda ba, akwai sandar da ke tokare bango biyu da ƙarfin sifirin, wadda ta dace da faɗin mita ɗaya da rabi, kuma idan aka sa ta can sama kusa da taga za ta ɗauki manyan tawul biyu a baje. Masu mannewa da iska ko da gam kuwa na ƙaramin tawul ɗin fuska ne, jiƙaƙƙen babba yakan sauko da su cikin dare.

Duk da wannan tsari, a watannin Yuni da Yuli ba na tsammanin tawul zai bushe a cikin banɗakin da tagarsa ke kallon katanga. Abin da ya fi shi ne kowa ya fita da nasa bayan wankan safe, a baza a igiya a baranda ko tsakar gida inda rufi ya kare ruwa, ko a kan maratayi mai naɗewa a cikin ɗaki ƙarƙashin fanka idan akwai wuta, da yamma a mayar. Motsin iska ya fi zafi muhimmanci wajen busarwa a irin wannan yanayi. Shi ya sa idan akwai kuɗin kashewa, ƙaramar fankar da ke zuƙe iska ta fitar waje ta fi sandar lantarki mai ɗumama tawul amfani, wadda aka yi ta domin sanyin Turai, ga cin wuta, ga haɗarin haɗa waya a wurin da ruwa ke zuba. Wanda ba ya cin ko kwabo shi ne a janye ruwan daɓe da tsintsiyar roba bayan kowane wanka, a zubar da ruwan da ya kwana a bokiti ko a rufe shi, a bar taga da ƙofa a buɗe na ɗan lokaci. Idan za ki shanya a waje, ki guji bazawa a ƙasa ko a kan ciyawa, domin a yankunan kudu akwai ƙudan da ake kira tumbu, wanda ke saka ƙwai a kan tufa mai danshi, tsutsar ta shiga fata ta yi maruru, kuma yara sun fi kamuwa. Guga da dutse mai zafi tana kashe ƙwan, tana kuma ƙarasa busar da abin da rana ta gaza.

Irin tawul ɗin da kansa yana cikin lissafi. Ana auna kaurinsa da nauyin giram a kowace murabba'in mita, mai 300 zuwa 400 siriri ne, mai 400 zuwa 600 matsakaici, abin da ya haura haka kuma shi ne mai kaurin nan da ake sha'awa a kayan aure. Babban tawul mai 600 yana da nauyin kusan giram 590 a bushe, mai 400 kuma kusan 390, kuma bambancin nan duk zare ne da ke riƙe ruwa. Otal yana iya amfani da mai kauri saboda yana da injin busarwa, kuma baƙo sau ɗaya ko biyu yake goge jiki a ɗauke. Gidan da ya dogara da igiya a damina ya fi dacewa da mai 400 zuwa 450. Idan kin shiga Balogun ko Oshodi, ko kasuwar gwanjo ta Katangowa, ki ɗaga ki ji nauyinsa a hannu, kada laushi ya ruɗe ki, sabon tawul ana shafa masa abin da ke sa shi santsi wanda wankin farko ke ɗaukewa. Ni kam ban raina tsohon zanen atamfa na auduga da iyayenmu ke ɗaurawa bayan wanka ba, yana tsane jiki daidai gwargwado, yana bushewa cikin ɗan lokaci, kuma bai cin wuri.

Kowa da nasa, wannan ba abin sassauci ba ne ko da wuri ya yi ƙaranci. Makero da ƙazwa da ciwon idon nan na afolo duk suna bin tawul daga mutum zuwa mutum, kuma ba wa kowane yaro launinsa ya fi faɗa da tsawa saurin aiki. Wanki kuma ya kasance bayan amfani uku ko huɗu, a damina ma kada ya wuce haka, da omo kaɗan da ɗauraya mai yawa, domin ragowar kumfa tana taurara zare tana ciyar da wari. Ruwan laushin tufa da ake zubawa a ɗauraya ta ƙarshe yana lulluɓe zaren da maiƙo ya rage masa shan ruwa, ki bar shi ga sauran kaya.

Waɗanda suka riga suka yi wari kuwa, ki jiƙa su a ruwa mai zafi sosai, wanda ya kai digiri 60, da omo, ki bar su kamar rabin awa, ki wanke, sannan ki ɗauraye da ruwan da aka zuba wa rabin kofi na khal, ki shanya a ranar da kika ga hadari bai haɗo ba. Farare za su ɗauki bilic irin su Hypo ko Jik a tsarme da ruwa, amma da sharaɗi biyu. Kada ki taɓa haɗa bilic da khal, ko a bokiti ko a jere ba tare da ɗauraya ba, domin haɗuwarsu tana tayar da iskar kulorin mai guba, a ɗan ƙaramin banɗaki kuma wannan haɗari ne na gaske. Sannan idan ruwan burtsatsen gidanku yana barin ja a jikin bokiti, alamar akwai ƙarfe a cikinsa ke nan, kuma bilic yana ƙara kama wannan jan a jikin tufa. Baƙin ɗigon da ya daɗe a tawul mai launi sau da yawa ba ya fita duka, wanda ya ci zare har ya fara yagewa sai a yanka shi a mayar tsumman goge daɓe. Turaren wuta yana da wurinsa, amma bayan tawul ya wanku ya bushe, domin idan aka turara mai danshi ƙamshin yana hawa kan warin ne kawai, da zarar ruwa ya sake taɓa shi warin zai taso.

Abu na ƙarshe ya shafi ajiyar cikin wadirof. Mutane da yawa suna jefa ƙwallayen kafur tsakanin tufafi saboda kyankyaso da wari, kuma yawancin wanda ake sayarwa a kasuwa sinadarin naftalin ne. A Nijeriya akwai yara da yawa, musamman maza, da ake haifa da ƙarancin wani sinadarin jini da likitoci ke kira G6PD, kuma naftalin yana iya fasa jajayen ƙwayoyin jininsu ya jawo shawara mai tsanani, musamman ga jariri sabon haihuwa, ko da ta hanyar tufar da aka ajiye tare da shi ne. Tun da kina da ƙananan yara, kada kafur ya kusanci tawul ɗinsu ko zanen goyo. Domin rage laima a cikin akwati, ƙananan ƙunshin nan na silika da ke zuwa a kwalin takalmi ko jaka za su taimaka idan kin tara da dama, sai dai ki sa su a can ƙasan akwatin inda hannun yaro ba zai kai ba.